Araha Ba Ta Ado? Kyamarar Farko da Tambayar Abin da Ya Isa

Duk wanda sha'awar ɗaukar hoto ta kama, tambayarsa ta farko guda ce: wace kyamara zan saya? Yakan yi ta ne kamar wanda ya riga ya san amsa, yana jiran a tabbatar masa kawai. Idan aka ce ya fara da wayar da ke aljihunsa, sai ransa ya ɗan sosu. Idan aka ambaci wata tsohuwar Nikon ta hannu, sai ya ce ai an daina yayinta. Abin da kunnensa ke son ji shi ne waccan baƙar mai tsada da ya gani a wuyan wani a YouTube ita ce daidai da shi.

Mu da ke sana'ar rubuta manhaja mun san wannan ciwo, don a gidanmu ma yana nan. Sai ka ga ɗan koyo ya shafe wata shida yana binciken kwamfutar da ta fi dacewa, bai rubuta layi goma ba. Binciken kaya yana da daɗi saboda yana kama da aiki, amma babu faɗuwa a cikinsa. Wanda ke kwatanta farashi bai taɓa ɗaukar mummunan hoto ba.

Hausawa sun bar mana magana biyu da ke jan juna a nan. Sun ce araha ba ta ado. Sun kuma ce daidai ruwa daidai tsaki. Mai shago yakan tuna mana ta farko, mutanen gida su tuna mana ta biyu, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa. Wahalar tana wani wuri dabam. Sabon shiga shi ne ya fi kowa rashin sanin abin da yake buƙata, kuma a daidai wannan lokaci ake so ya yanke shawara mafi tsada. Bai san ko fuskokin mutane ne za su ja hankalinsa ba, ko tsuntsaye, ko tsofaffin gine-gine, ko dawakan hawan sallah. Bai ma san ko sha'awar za ta kai baɗi ba. To yaya mutum zai san abin da ya ishe shi a aikin da bai fara ba?

Kafin a kai ga amsa, yana da kyau mu kalli abin da muke saye idan mun sayi kyamara. A birnin Bamako na ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a 1948. Yakan ajiye kayayyaki saboda masu zuwa ɗaukar hoto: rediyo, agogo, alƙalami, tabarau, babur, har da mota. Mutum zai dafa rediyon da ba nasa ba, ko ya jingina da babur ɗin da bai iya tuƙawa ba, a ɗauke shi a matsayin mutumin da yake fatan zama. Babu abin dariya a ciki, burin ɗan Adam ne a fili. Yawancinmu haka muke yi da kyamarar farko. Muna rataya ta a wuya domin mu ga kanmu a matsayin mai hoto tun kafin hotunan su zo. Bambancin shi ne abokan cinikin Keïta sun san aro suka yi, ana gamawa su ajiye rediyon su koma gida. Mu kuwa mukan biya cikakken kuɗin rediyon.

Kuma abin ba ya tsayawa a sayen farko. Wani masanin falsafa ɗan Faransa na ƙarni na 18, Denis Diderot, ya ba da labarin yadda sabuwar riga mai kyau ta shigo gidansa, sai kujerarsa da teburinsa da duk abin da ke ɗakin suka zama kamar tsummokara kusa da ita, ya dinga sauya su ɗaya bayan ɗaya. Kyamara mai tsada ta fi rigar Diderot iya wannan aiki. Idonta, wato gilashin gaba da masu sana'ar ke kira lens, ba za ta yarda da mai araha ba. Tana son memori mai sauri, da jaka mai kyau, da batir na biyu, sannan hotunanta masu nauyi su tilasta a sauya kwamfuta. Farashin da ke jikin kwali kuɗin shiga ne kawai.

Masu wa'azin araha suna da labaran da suke so, kuma labaran gaskiya ne. Keïta ya fara ne da Kodak Brownie da kawunsa ya kawo masa tsaraba daga Sanagal a 1935. Malick Sidibé, shi ma ɗan Mali, ya sayi Brownie a 1956, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin baje kolin fasaha na birnin Banis a Italiya. A Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya sayi tasa Brownie ɗin a 1950 kan fam biyu, shi ne daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson matan ƙasar nan har ya tara kusan dubu. Ita kuwa Brownie, lokacin da ta fara fitowa a 1900, akwatin kwali ce da ake sayarwa dala ɗaya, an yi ta ne har yara su iya riƙewa.

Sai dai a yi hattara da yadda ake amfani da waɗannan labarai. Sau da yawa wanda ke rataye da kayan miliyoyi ne ke gaya wa marar hali cewa kaya ba su da muhimmanci, ido ne komai. Wannan wa'azin ƙoshi ne ga mai jin yunwa. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan uku da ya ƙare rayuwarsa da akwatin kwali. Da aiki ya girma, sun koma manyan kyamarori. Abin da tarihinsu ke nunawa shi ne jerin yadda abubuwa suka zo: aiki ya fara, aikin ya ci karo da iyakar kayan, sannan aka sauya kayan. Keïta an san shi da ɗaukar hoto sau ɗaya tak ga kowane mutum, da hasken rana, saboda fim kuɗi ne. Wanda ke da harbi ɗaya dole ya tsaya ya duba inda hannu yake, da yadda ɗankwali ya zauna, da inda inuwa ta faɗi. Ƙarancin ya koya masa kallo, kuma da kallon ya san abin da zai nema a kyamara ta gaba.

A ganinmu amsar tambayar tana nan. Akwai rashi iri biyu. Akwai wanda mutum ya ci karo da shi a cikin hotunansa, ya ga abin da ya so ɗauka ya kuɓuce masa, kuma ya san dalili. Akwai kuma wanda aka ba shi labarinsa a talla. Na farko yana da iyaka, idan aka toshe shi ya tosu. Na biyu ba shi da ƙasa, domin masu ƙera shi ne ke sayar da maganinsa.

Ba zargi muke yi ba, lissafin kasuwa ne. A 2010 kamfanonin kyamara na Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120. Zuwa 2020 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 10, saboda waya ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori. Kamfanin da ya rasa masu saye da yawa dole ya nemi riba mai yawa a kan 'yan kaɗan da suka rage, kuma hanyar ita ce a sa wanda ke da kyamara ya ji tasa ta gaza. A aikinmu na manhaja mun san cewa abin da ya fi sauƙin ƙirgawa shi ake tallatawa, ko da ba shi ne mai muhimmanci ba. A duniyar hoto wannan abu shi ne megafiksel, wato yawan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Fuskar waya mai ɗigo 1080 a faɗi da 2400 a tsayi ba ta kai megafiksel uku ba. Hoton da za a wanke a girman takardar A4, ya fito tsaf, bai buƙatar fiye da tara. Nikon D3200 ta 2012 tana da 24, Canon 600D ta 2011 tana da 18. Mai shirin tura hotunansa a WhatsApp, wanda shi ma zai matse su kafin su isa, me zai yi da 45? Kyamarar dijital ta farko, wadda injiniya Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, ɗigo dubu goma kacal take ɗauka, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Daga wancan zuwa D3200 tafiya ce mai nisan gaske. Daga D3200 zuwa ta bana, ga ɗan koyo, tafiyar ba ta da nisa kamar yadda farashi ke nunawa.

Amma araha ba ta ado ba ƙarya ba ce, kuma ya kamata a faɗi inda take gaskiya. Wuri na farko shi ne haske. Farantin da haske ke sauka a kai a cikin kyamara, wanda ake kira sensa, a irin su D3200 ya ninka na yawancin ƙananan wayoyi sau goma ko fiye. Waya tana rufe wannan giɓi da manhaja: takan ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido, ta haɗa su, ta goge, ta ƙara launi. Aikin injiniya ne mai ban sha'awa, mu da ke wannan fanni mun fi kowa yaba shi. Sai dai ma'anarsa ita ce wani mutum a wani ofishi mai nisa ya riga ya yanke shawarar yadda magariba ya kamata ta kasance, da yadda fuskar kakarmu ya kamata ta fito. Wasu wayoyin har haska fata suke yi ba tare da an tambaye su ba.

Maganar fata tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950 masu wanke hoto ke daidaita launi da wani kati na Kodak mai ɗauke da hoton farar mace, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Kamfanin da ke yin Tecno da Infinix da itel ya samu karɓuwa a Afirka, a wani ɓangare, saboda ya gyara kyamarar wayoyinsa ta iya ɗaukar baƙar fata, Google kuma sai a 2021 ya fito da irin wannan gyara a wayarsa Pixel 6. Kenan kayan aiki ba 'yan ba-ruwanmu ba ne. To amma ko a nan, dubi inda maganin yake. Idan dattijo baƙi ya sa farar babbar riga ya tsaya a rana, kowace kyamara, mai araha da mai tsada, za ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuskarsa ta nutse cikin duhu. Gyaran shi ne a ƙara haske mataki ɗaya da hannu, ko a matsar da shi inuwar zaure kusa da ƙofa, ko a sa yaro ya riƙe farin kwali ya maido masa da haske a fuska. Babu ɗaya cikin ukun da ake saya da dala.

Wuri na biyu shi ne nisa da gudu. Wanda ya tsaya a bayan taro ranar hawan daushe a Kano yana son ya kama mahayi a tsakiyar sukuwa, waya ba za ta yi masa ba, komai ƙwarewarsa. Yana buƙatar lens mai jawo nesa, da kyamarar da za ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Wannan rashi ne na gaskiya. Amma maganinsa ma ba sai sabuwa dal ba. Tun da Canon da Nikon suka karkata ga manyan kyamarori marasa madubi a 2018, masu hali a ƙasashen waje ke ta sayar da tsofaffinsu, su ne ke sauka a kasuwanninmu a matsayin na hannu. Ba su lalace ba, yayi ne ya wuce su.

Idan za a kashe kuɗi a wuri ɗaya, a kashe a lens. Wanda ake haɗowa da kyamara, mai lamba 18-55, idan aka jawo shi ƙarshe ƙofar haskensa takan tsuke zuwa f/5.6. Ɗan ƙaramin lens na milimita 50 mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan, kuma yana cikin mafi araha da kamfanonin ke yi. Na Canon da ya fito a 2015 wajen dala 125 aka sa masa. Ba ya jawowa, ba ya turawa, sai mai shi ya taka da ƙafarsa, wanda shi ma darasi ne. Mai ƙaramar Nikon irin D3200 ya lura ya ɗauki mai alamar AF-S, domin tsofaffin ba za su saita kansu a jikinta ba. Wajen sayen ta hannu kuma, a je da memori, a ɗauki hoton farin bango da ƙofar haske a tsuke don ƙurar da ke kan sensa ta bayyana, a haska tocila cikin lens a duba funfuna, a kuma bincika sau nawa kyamarar ta taɓa ƙiftawa, tunda irin waɗannan ƙananan an yi musu ƙiyasin wajen dubu ɗari. Mai shagon da ya hana gwaji ya riga ya ba da amsa.

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika faɗa ba a bidiyoyin masu sharhin kaya, saboda yawancinsu ba a ƙasar da albashi ke narkewa suke zaune ba. Kyamara da dala ake yi mata farashi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sony a7 IV, wadda ake yawan nuna wa masu sha'awa, dala 2,499 aka sa wa jikinta kaɗai, babu lens. A kan 1,500, wannan ya fi albashin shekara huɗu na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A wurinmu kuma kuɗin mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai kuɗin makarantar ƙanne, da maganin tsohuwa, da buhun da ya kusa ƙarewa, da ɗan'uwan da zai buga waya ranar ashirin ga wata.

Ba muna cewa sha'awa laifi ba ce. Akwai masu ganin duk abin da ba ya kawo kuɗi ko lada wasa ne da bai dace da babba ba, kuma ba mu tare da su. Mutumin da ya yini yana kallon allon kwamfuta yana da haƙƙin wani abu da zai fitar da shi waje ya kalli duniya, kuma al'ummar da ba ta ɗaukar hoton kanta, baƙi ne za su ɗauka mata, su nuna ta yadda suka ga dama. Ganuwar da ke zaizayewa, da rumbunan da ake rushewa, da hannun tsohon marini a Ƙofar Mata, duk suna buƙatar wanda zai tsaya ya kalle su. Sha'awa tana da rabo a cikin dukiya. Tambayar ita ce girman rabon, da kuma wanda zai ji zafi idan ya wuce kima. Ma'aunin da muka fi gamsuwa da shi mai sauƙi ne: kuɗin da idan kyamarar ta faɗi ta fashe gobe, mai ita kaɗai zai yi baƙin ciki, tukunyar gida ba za ta sani ba. Farashin da mutum zai ji nauyin faɗa wa matarsa, ko matar da za ta rage shi kafin ta faɗa wa mijinta, ya riga ya tsallake wannan layi.

Akwai wata dabara da zuciya ke yi don ta tsallake shi cikin kwanciyar hankali: ai zan maido kuɗin da ɗaukar biki. Wani lokaci hakan na faruwa. Amma ɗaukar biki sana'a ce mai nauyi, ranar da ba ta maimaituwa ce a hannunka, da dangin amarya a kanka. Wanda ya shige ta don biyan bashin kyamara ya sayar da abin da ya sa ya so hoto tun farko, wato 'yancin ɗaukar abin da ya ga dama. Sannan mai albashin da ke karya farashi don ya rage zafin sayayyarsa, a kasuwar wani yake yi, wani mai hoto da ke ciyar da iyali da ita kuma ba shi da albashin da zai jingina da shi.

Kaya mai tsada kuma yana zuwa da tsoro. Mai shi yakan yi tunani sau biyu kafin ya fita da shi cikin ƙurar hunturu, ko ya hau adaidaita sahu da shi, ko ya bi ta unguwar da ake ƙwacen waya. A hankali sai kyamarar ta koma sif, ana fito da ita ranar suna. Mai ta hannu kuwa yana jefa ta a jaka kullum, ita ce ke nan lokacin da hadari ya haɗo a bayan Dala. Su ma waɗanda ake ɗauka suna ganin bambanci. Mai sayar da goro da aka nuna wa ƙaton lens kamar bakin igwa yakan ɗaure fuska, ko ya tambayi wace ƙungiya ce ta turo ka, ko ya nemi nasa kason, kuma yana da hujja. Ƙaramar kyamara ta fi barin wuri ga sallama da neman izini. Abin da aka rage a farashi ma yana da inda zai tafi: kuɗin motar zuwa inda hotunan suke, da kuɗin wanke 'yan kaɗan a mayar wa masu fuskokin. Mutane da yawa an sha ɗaukar su, ba su taɓa riƙe hoton kansu a hannu ba.

A aikin manhaja ba ma gyara matsalar da ba mu iya nuna ta ba. Sai an rubuta abin da ya faru, da inda ya faru, da yadda za a sake ganin sa, sannan a taɓa komai. Ɗan koyon hoto zai iya aron wannan ɗabi'a. Ya yi wata shida da abin da ya samu, waya ce ko tsohuwar kyamara, sannan ya zauna da hotunan da suka ɓaci, ba waɗanda suka yi kyau ba, ya tambayi kowanne abin da ya kashe shi. Wasu zai ga bai matsa kusa ba ne saboda kunya. Wasu ya je da tsakar rana lokacin da haske ke dukan komai daga sama. Wasu sandar lantarki ce ta tsiro a kan mutum bai lura ba. Waɗannan duka babu shagon da ke sayar da maganinsu. Idan bayan ya ware su ya rage da tarin hotunan da duhun ɗaki ya cinye, ko dokin da ya yi nisa ya zama ɗigo, kuma irin hotunan da ransa ke komawa gare su ke nan, to ya san lens ɗin da yake nema da lambarsa. Sai ya rubuta ta a takarda tare da iyakar abin da zai iya biya, ya sa memori da tocila a aljihu, ya nufi kasuwa.